Jifan da Ya Rage wa Kuring

Jaro, Iloilo
Fabrairu, 2002

Inday Delia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Milan bai gama da ke ba. Mu nan lafiya lau, in kin cire gwiwata ta hagu da ta fara yi mini tsiya a kan matakalar makaranta. Na ga Nanay, mahaifiyarki, ran Lahadi bayan coci. Ta ɗan rame, amma bakinta yana nan yadda kika bar shi. Ta tsare ni a ƙofa ta ce in gaya miki maganin hawan jini ya iso, rigar sanyin da kika haɗo da shi kuwa ba ta san abin da za ta yi da ita a Iloilo ba. Matata Lorna ta kira daga Kanada tana gaishe ki. Aikin asibiti ya sha mata kai, in mun yi magana rabinta hamma ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro maganar teburin wasanmu ce.

Har yanzu muna zama kowace Lahadi da yamma a ƙarƙashin gidan Tiya Pacing da ke kan ginshiƙai, ni ina jan labari, kowa da takardar jaruminsa a gabansa, yana faɗin abin da jarumin zai yi, ɗan ludo yana yanke hukunci. Sai dai cikin mu bakwai da muka fara, saura ni da Ramil. Sauran kujerun wasu samari ne daga wurin aikinsa suka cike. Suna da ladabi, amma sun zo da sabon bugun littafin wasan, guda uku masu sheƙi, kowanne da nauyin bulo. Inday, na karanta har kaina ya yi ciwo. In jaruminka zai tsallake kwata akwai doka, in zai yi ƙarya akwai doka, in zai hau jaki akwai shafi guda. Mai jan labari ya koma akawu. Namu tsohon, wanda Tiyo Berting ya kawo daga jirgin ruwa, kwafin kwafi ne da rabin shafukansa suka ɓace. Inda muka rasa doka sai mu ƙirƙiro tamu, mu yi ta faɗa a kanta har Tiya ta leƙo ta taga ta ce za ta watso mana ruwan wanke-wanke. Kuma a cikinsa ana mutuwa. A sabon nan guba ma ƙarfi kawai take rage wa mutum, kamar mura.

Da gangan na kawo zancen guba. Kin san inda muka tsaya. Ranar tafiyarki, ɓarauniyarki Kuring ta zura yatsa a makullin akwatin nan na ƙasan hasumiya, allura mai guba ta soke ta. Na ce ki jefa ɗan ludo mai fuska ashirin: sha uku ko sama ta rayu, ƙasa da haka ta mutu. Kin ɗaga hannu ke nan Nanay ta iso a babur mai ƙafa uku tana faɗan jirgin Manila zai tafi ya bar ki. Kika ce "sai na dawo", kika sa ɗan ludon a aljihu. Shi kaɗai muke da shi a lokacin. Watanni muka yi muna zaro murafun kwalba masu lamba daga gwangwanin biskit, ban manta ba.

Dokokinmu kuma da ke aka kafa su. Ba mai jefa wa wani. Jifa ba ya ƙirguwa sai a kan teburin nan, a gaban kowa. Wanda ya tafi aiki ƙasar waje, jaruminsa ya zauna a Masaukin Ƙaguwa na cikin labarin ya jira shi, ba a kashe shi, ba a ara wa wani. Masaukin nan yanzu ya cika maƙil. Mayaƙin Boyet yana can, mai addu'ar Susan tana can, Kuring kuwa an kwantar da ita a benci da kumburarren yatsa, shekara tara ba ta mutu ba, ba ta tashi ba. Kafin mu fara wasa sai na ce, "Kuring tana numfashi." Samarin nan ma sun iya amsawa da "a ƙyale ta", alhali ko hotonki ba su taɓa gani ba.

To, mun zauna mun sassauta dokar. Ramil ya yarda, ni ma na yarda. Ki jefa a can ki rubuto mini lambar, zan karɓa. Ina so in rufe maganar hasumiyar nan kafin shekara ta ƙare.

Naki,
Manong Efren

*

Milan
Afrilu, 2002

Manong,

Na samu wasiƙarka. Ina lafiya, hannuwana ne dai suka tsattsage da ruwan wanki, komai na shafa a banza. Signora Gemma, tsohuwar da nake kula da ita, ta ƙi mutuwa ta ƙi warkewa, kullum sai ta zarge ni da ɓoye mata haƙoranta. Gwiwarka kuwa ba matakala ba ce, batchoy, miyar taliyar nan da kake sha safe da yamma, ita ce ta taru a cikinka. Ka rage. Ka ce wa Nanay ta ajiye rigar, ko ta shimfiɗa wa kare.

Na karanta wasiƙar a tsaye a kicin, na sake karanta ta a cikin mota, har na wuce inda zan sauka. Wai kun sassauta. Kai, Manong? Kai ne fa, ranar da Boyet ya jefa ashirin, ɗan ludon ya gangaro ƙasa, ka ce bai ƙirgu ba, ya sake jefawa ya samu biyu, jaruminsa na farko ya faɗa rami? Yaron nan ya yi kuka har da majina, ka miƙa masa fensir ka ce ya rubuta wani. Kai ne yau kake karɓar lamba a cikin ambulan?

Ba sai ka yi ta zagaye-zagaye ba. Na gane. Sababbin littattafai sun zo, sababbin mutane sun zo, ana so a share ɗaki, ga wata tsohuwar ɓarauniya ta tare benci. Ka yi ta zagin sabon bugun shafi guda don in ji daɗi, sannan a ƙarshe ka ce "rufe". Da ka fito fili ka ce kun gaji da jirana, da ya fi mini sauƙi.

Ka san ba ni da takardar izinin zama. In na fita daga ƙasar nan ba zan sake shigowa ba, shi ya sa ban zo bikin Susan ba, ban zo jana'izar Tiyo Berting ba. A garin nan babu abin da ke jirana. In na makara mota ta tafi. In na kwanta ciwo, ɗan Signora ya nemo wata kafin zazzaɓin ya sauka. Gadon da nake kwana ran hutu ma mu biyu ne muke karɓa-karɓa da wata 'yar Batangas. A gida kuma, Allah ya sani ina son su, amma kwalin tsaraba ake jira, ni a waya ma na ishe su. Abu ɗaya ne tak a duniya aka ajiye aka ce ba mai taɓa shi sai Delia da hannunta, sai ta zo ta zauna. Ina sane da cewa wasa ne, ba yarinya ba ce ni. Amma ran Lahadi in ina goge tagogin mutane, nakan tuna a wannan lokacin ka riga ka ambaci sunan Kuring, sai in ji ranar ta yi sauƙi.

Ɗan ludon yana nan a cikin kwalbar magani. Ba zan jefa ba. In kuna son bencin, ku tura ta ƙasa da kanku, ku rubuta a sabon littafinku cewa ku kuka yi.

Delia

*

Jaro
Mayu, 2002

Inday,

Ina gaisuwa. Ki nemi man kwakwa ki shafa wa hannun, ki sa safa ki kwana. In babu a can zan ba wani ya kawo miki. Zafi a nan ya kai ɗalibaina suna barci da ido buɗe. Tiya Pacing ta yi mura ta warke.

Wasiƙarki ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Wa ya ce miki mun koma sabon bugu? Sau ɗaya na yarda muka gwada, don kada a ce tsoho ya cika taurin kai. Faɗa guda da 'yan fashi huɗu ya cinye mana yamma ɗungurungum. Kowa ya kifa kai a littafi yana lissafi, ba mai kallon wani. Da ɗaya daga samarin ya ce jaruminsa zai lallaɓa bayan shugaban 'yan fashin, na tambaye shi ta ina zai bi, me zai taka, sai ya ce ai ba sai ya faɗa ba, yana da lamba takwas a lallaɓawa. Na tuna ke da kika taɓa cire takalman Kuring, kika ɗaure tsabar da ke aljihunta a tsumma don kada ta yi ƙara, kika sa na bar ki kika wuce ba tare da jifa ba. Na rufe littafin na miƙa masa.

Ramil ya biyo ni har bakin titi. Ya ce, "Manong, ba littafin kake kewa ba, mutanen kake kewa. Ko wane bugu ka buɗe, Boyet ba zai fito daga ciki ba." Na ce masa ya je ya kula da tumbinsa. Amma maganar ta bi ni har gida.

Ba wanda ke son bencin. Ba wanda ya gaji da ke. Ni ne dai na gaji, Inday, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun muna yara nake jan labarin nan. Gara ta cinye ƙafar teburin guda, mun tokare ta da bulo. Taswirar ta sha ambaliya sau biyu, kogin da na zana ya bazu ya zama teku. Labari yana son ƙarshe, kuma ba na so ya ƙare da Kuring a kwance haka. Iyakar abin ke nan. Ki jefa, don Allah.

Manong Efren

*

Milan
Satumba, 2002

Manong,

Ka yi haƙuri da shiruna. Da farko fushi ne, daga baya aiki. Signora ta faɗi a banɗaki, muka yi wata guda muna zaryar asibiti. Ta tashi, har ta samu ƙarfin ce wa likita ni na tura ta. Hannuna da sauƙi, man kwakwar ya yi aiki, kada ka yi fahari.

Ran Lahadin da ta wuce na kira Nanay. Tana cikin ba ni labarin tsadar kifi sai ta ce, af, rigar sanyin nan ta samu mai ita, ta ba Efren, tunda zai bi matarsa Kanada kafin Kirsimeti. Ta ce ka sayar da babur ɗinka tun watan Janairu, ka kai takardar barin aiki makaranta, duk Jaro an sani. Ta ɗauka ni ma na sani. Na ce mata e mana, na sani. Na tsaya a rumfar waya riƙe da kan tarho har na bayana ya fara buga gilashi.

Wasiƙa biyu, Manong. Ka ba ni labarin gwiwa, da gara, da jaki, da tumbin Ramil. Ka bar ni na zage ka a kan abin da ba ka yi ba, ka amsa da "na gaji". Me zai ci ka in ka rubuta layi ɗaya ka ce za ka tafi? Tun muna yara haka kake. In dodo zai fito sai ka yi ta kwatanta labule da fitila, mu dai mu gane da kanmu.

Ina taya ka murna, da gaske nake. Lorna ta daɗe ita kaɗai, kuma aure ba a yin sa ta waya. Amma na yi kuka, kuma ba kukan murna ba ne. Duk wanda ya tafi a cikinmu, ya tafi ne da sanin kana nan. Ban taɓa tambayar kaina ko kai ma kana son tafiya ba. Kamar ginshiƙin gidan Tiya na ɗauke ka.

Ga nawa labarin. An buɗe ƙofar bai wa irinmu takardar zama, in mai gida ya yarda ya sa hannu. Ɗan Signora ya yi ta ƙunƙuni, ya ce zai jawo masa haraji, uwar ta buga sanda a ƙasa ta ce in bai sa hannu ba wa zai riƙa ɓoye mata haƙora. Ya sa. Na bi layin gidan waya tun safe har ƙafata ta kumbura, na miƙa. Yanzu sai jira. Wasu sun ce shekara, wasu sun ce fiye. In ta fito zan iya zuwa gida in dawo.

Ka ga dai ba ƙarya na yi ba da na ce sai na dawo. Ba za ka iya ɗaga tafiyar ba? Na san amsar, amma bari in tambaya, ko don in ji na tambaya.

Delia

*

Jaro
Oktoba, 2002

Inday,

Lafiyarmu ƙalau. An yi ruwa sati guda ba ƙaƙƙautawa, ya shigo ƙarƙashin gida har idon sawu, muka yi wasa ƙafafu a kan kujera. Na yi murna ƙwarai da maganar takardarki. Na gaya wa Tiya, ta kunna miki kyandir a coci.

E, zan tafi. Farkon Disamba. Ban rubuta ba ne don duk lokacin da na fara layin sai in ga kamar wani ne yake rubutawa. Ni ne na raka Boyet tashar jirgi, na raka Susan, na raka Lorna, na ɗauki jakar kowa. Ban iya tsayawa a ɗaya gefen ba. Ɗagawa kuwa ba ta yiwuwa. Bizar tana da wa'adi, in ta wuce sai a koma farkon layi, kuma Lorna ta ce in na bari ta wuce kada in sake kiranta. Da dariya ta faɗa, amma na san dariyar matata.

Na duba dokokinmu kaf, wanda muka rubuta a bayan kwafin da waɗanda muke riƙe da ka. Mun yi doka a kan wanda ya tafi, mun yi a kan wanda ya makara, mun yi a kan ɗan ludon da ya tsaya a karkace jikin kofi. Ba mu taɓa yin ko ɗaya a kan mai jan labari in ya tafi ba. Ba wanda ya kawo hakan a ransa, har ni.

Ramil zai ci gaba da teburin, amma da sabon bugu, kuma ban ga laifinsa ba, shi samarin suka sani. Ya ce zai juya takardun kowa zuwa sababbin dokoki, har na 'yan masauki. Na tambaye shi Kuring fa? Ya buɗa littafi ya nuna mini. A can ba ta buƙatar sha uku. Za ta farka kawai da ɗan jiri, ta huta kwana biyu, shi ke nan. Ya ce, "Ka ga an huta, Manong. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi kuka." Na ce masa ba tawa ba ce da zan bayar, sai na tambayi mai ita.

To ga shi na tambaya. In kin yarda, in miƙa masa takardarta, ta tashi lafiya ba tare da kin taɓa komai ba. In ba ki yarda ba, ki jefa ki aiko, in ƙarasa mata labarinta da bakina, ko ta wane gefe ya faɗi. Zaman ƙarshe Lahadin ƙarshen Nuwamba ne. Ki lissafa da jinkirin gidan waya.

Rigar ta yi mini kaɗan a hannu, kuma ruwan hoda ce. Nanay ta ce a Kanada ba mai kallo.

Manong Efren

*

Milan
Nuwamba, 2002

Manong,

Wasiƙarka ta yi sati uku a hanya, don haka a gurguje nake rubutu. Ina lafiya. Takarda shiru.

Ka ce wa Ramil na gode, amma a'a. Shekara tara tana kwance, sannan a ce mata tashi, dama ba komai ba ne, jiri ne? In haka ne me muke jira tun farko? Ban yarda a tashe ta don tausayi ba. Ina samun isasshen tausayi a nan, yawanci tare da tsofaffin riguna.

Jiya bayan abincin rana na share teburin kicin, na zaunar da Signora, na ce ina son shaida. Ta tambaye ni caca ce? Na ce a'a. Ta ce to duba ne? Na ce a'a, wata ɓarauniya ce allura ta soke ta a Iloilo. Ta ce ƙawata ce? Na ce e. Ta sa tabarau, ta gyara zama, ta ce, "To jefa mana, yarinya, me kike jira? Ni da nake da tamanin da bakwai ba ni da lokacin wannan jinkirin."

Na hura masa iska yadda nake yi da. Na jefa. Ya bugi kwanon sukari ya dawo ya tsaya daram a tsakiya, bai karkace ba, bai faɗi ƙasa ba. Huɗu.

Na sa Signora ta karanta da kanta don kada in yaudari idona. Ta ce huɗu. Ta tambaya ko mai kyau ne, na ce ta mutu. Ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ya ji ƙanta, sannan ta ce in ɗora mata shayi. Na ɗora. Ina tsaye gaban murhu na ji wani irin sakayau, kamar ranar da aka cire mini haƙori. Na yi tsammanin zan yi kuka, ban yi ba. Gajiya kawai na ji, na zauna a ƙasan kicin har butar ta yi ta kuka ita kaɗai.

Ba wanda zai sani in na rubuta sha biyar. Na yi tunanin haka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kai ka koya mana wasan nan, ka ga abin da ka jawo.

Ka faɗi labarin mutuwarta da kyau. Kada ka tausasa, kada ka kawo wani mai magani daga sama. A binne ta da takalmanta a hannu. Wuƙarta a ba mayaƙin Boyet, ya daɗe yana ƙyashinta. Abu ɗaya nake roƙo: ka gaya mini abin da ke cikin akwatin nan. Na biya kuɗin sani.

Allah ya kai ka lafiya. Ka sayi safa masu kauri, sanyi ta ƙafa yake shiga.

Delia

*

Winnipeg
Janairu, 2003

Inday,

Na iso lafiya. Lorna tana gaishe ki, ta yi ƙiba, ta ce ni na tsufa. Sanyin nan ba irin wanda ake ba da labari ba ne, gashin hancina daskarewa yake. Ban samu aikin koyarwa ba, sun ce sai na sake karatu. A yanzu ina jera kaya a wani kanti. Gwiwar ta gane ba matakala ba ce matsalarta, kin yi gaskiya.

Wasiƙarki ba ta same ni a Jaro ba. Ta iso bayan na tashi, Tiya ta ba Ramil, shi ya sako ta a wani ambulan ya biyo ni da ita. Shekaranjiya na buɗe ta.

Bari in ba ki labarin zaman ƙarshe. Ran Asabar ɗin Ramil ya je gidan waya da kansa ya sa aka duba masa buhu, babu. Lahadi muka zauna. Tiya ta dafa taliyar pancit kamar ana biki, ta sauko ta zauna a matakala, abin da ba ta taɓa yi ba. Jaruman suka hau hasumiya, suka kashe matsafin da ke cikinta, ɗaya daga samarin ya rasa jaruminsa a kan gada, ya ce ashe haka ake ji. Da suka koma Masaukin Ƙaguwa na sa mai masaukin ya kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, na faɗi abin da kowanne yake yi, wa ke gyaran sirdi, wa ke barci a bakin murhu. Sai na zo kan bencin Kuring. Ba lamba a hannuna, kuma ba zan jefa miki ba. Ramil ya ce jaruminsa zai ja kujera ya zauna kusa da ita. Sauran ma suka ce haka. A nan na rufe. Takardarta ban ba Ramil ba, tana cikin jakata.

Yanzu ga huɗunki. Na karanta wasiƙar a ɗakin hutun ma'aikata, na koma na jera gwangwanayen wake a inda ba wurinsu ba, har aka yi mini magana. Kwana biyu ina rubuta mutuwarta a kaina. Na iya, kin sani. Na kashe jarumai sun fi talatin a teburin nan, ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi ba. Na san yadda zan fara, na san abin da mayaƙin Boyet zai ce in an miƙa masa wuƙar.

Ga hukuncina. Sassaucin da muka yi, tebur ne ya yi shi, don lambar ta iso teburin. Ba ta iso ba. Teburin ya tashi, sassaucin ya tashi da shi, tsohuwar doka ta dawo. Jifan da aka yi a kicin ɗin wata tsohuwa a Milan, a gaban shaidar da ba ta da jarumi, wanda mai jan labari ya karanta a bayan kanti a Kanada, bai ƙirgu ba.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce wannan lauyanci ne, ni na roƙe ki wasiƙa uku, kuma da sha biyar ne da na karɓa hannu bibbiyu. Gaskiya ne, da na karɓa. Za ki ce tausayin da kika ƙi ne na shigo da shi ta taga. Ba shi ba ne. Ban tashe ta ba, Inday, ban cire allurar ba, har yanzu sha uku take nema, kuma in kika zauna a gabana kika jefa huɗu zan binne ta ko gezau. Amma ba zan yi shi a ambulan ba. Na ɗauka zan iya, shi ya sa na roƙa. Sai da na ga lambar da rubutun hannunki na san ban iya ba.

Akwatin kuwa, ba zan gaya miki ba, don ni ma ban sani ba. Ban taɓa yanke abin da ke ciki ba. Nakan bari sai an ɗaga murfi in dubi fuskar mai buɗewa.

Ban san yaushe takardarki za ta fito ba. Ban san yaushe zan tara na jirgi ba, ko in na tara za a ba ni hutu a watan da aka ba ki. Ramil ya ce samarin sun fi son wasa a wani shago mai na'urar sanyi, teburin kuma Tiya ta fara shanya shinkafa a kansa. Duk na san wannan. Ki yi fushi in kina so, ki rubuto ki zage ni, adireshin yana bayan ambulan. Amma ki mayar da ɗan ludon cikin kwalbarsa, kada ki ba kowa.

Naki,
Manong Efren